Danshin Ƙarƙashin Gida a Amurka: Ta Ina Ruwan Ke Shiga, Yaya Ake Tare Shi

Duk wanda ya sayi gida a jihohin kudu maso gabashin Amurka, irin su Karolina ta Arewa, Jojiya, Tenesi da Bajiniya, da wuya ya tsere wa wannan magana. Gidaje da yawa a can ba a kan ƙasa suke zaune kai tsaye ba. Magina kan kewaye harsashi da gajeren bango na bulo ko kankare, su jera ginshiƙai a tsakiya, su ɗora manyan katakai a kai, sannan su shimfiɗa daɓen katako. Tsakanin ƙasa da daɓen sai a bar kogo mai tsayin ƙafa 2 zuwa 3, wanda mutum ba ya iya miƙewa a cikinsa, sai rarrafe ko jan ciki. Ta nan bututun ruwa da wayoyin lantarki da manyan bututun iskar sanyaya ɗaki suke bi. Mai gida kan yi shekaru bai leƙa ba, alhali nauyin gidansa gaba ɗaya a kan katakan da ke cikin wannan duhu yake.

Ɗaga gini daga ƙasa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Rumbu ma a kan duwatsu ake ɗora shi don hatsi ya tsira daga danshi da gara. Sai dai ƙarƙashin rumbu a buɗe yake ta kowace fuska, iska na ratsa shi, rana na dukan gefensa, kuma babu abin da ke sanyaya shi daga sama. Kogon gidan Amurka kuwa bango ya kewaye shi, ba ya ganin rana, ƙasarsa sanyi gare ta, a samansa kuma ɗakuna ne da na'ura ke sanyayawa dare da rana muddin ana zafi. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya kama bakin zaren.

Daga cikin gida ake fara ganin alama. Wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba ya riƙa tashi a falo, ko an share ko an goge. Allunan daɓe su fara kwarmi, gefunansu su ɗaga sama tsakiya ta lotsa, saboda cikinsu na ƙasa ya sha ruwa ya kumbura, na sama kuma a bushe. Ƙofofi su riƙa cijewa. Dalilin da warin ke hawowa shi ne gida yana jan iska kamar bututun hayaƙi: iska mai ɗumi ta tashi ta fice ta rufi, wata ta shigo daga ƙasa ta maye gurbinta, ta ramukan da aka huda wa bututu da waya. Abin da ke kogon, hancin masu gida yana shaƙarsa.

Kafin a taɓa komai, a auna

Ma'auni biyu ake buƙata, kuma dukansu ba su da tsada. Na farko ma'aunin laimar iska ne, irin mai aiko da saƙo zuwa cikin gida ko waya, a rataye shi a jikin katako a tsakiyar kogo, ba a bakin ƙofa ba. Yana nuna kashi nawa cikin ɗari na tururin da iska za ta iya ɗauka ta riga ta ɗauka. Na biyu ma'aunin danshin katako ne mai allura biyu da ake sokawa a jikin itace. A soka a wurare kamar goma: kusurwoyi huɗu, tsakiya, ƙarƙashin banɗaki da kicin, da kusa da bututun iskar sanyi. A rubuta lamba da kwanan wata da fensir a jikin katakon, don a kwatanta daga baya.

Lambobin suna da fassara. Iskar da ke kan kashi 60 na laima tana barin katako a kan kusan kashi 11 na danshi, lafiya lau. Idan ta zauna a kan kashi 80, katako zai kai wajen kashi 16, a nan fumfuna ke fara samun gindin zama. A kashi 90 katako ya haura 20. Ruɓa ta gaske, wadda ke cin ƙarfin itace har sukudireba ta nutse a ciki kamar a burodi, tana kamawa ne idan danshin katako ya kusanci kashi 28 zuwa 30 ya daɗe a haka. Abin da ake nema shi ne iska ƙasa da kashi 60, katako ƙasa da kashi 16. Awon kuma a yi shi a watan Yuli ko Agusta. Wanda ya auna a Janairu zai ga komai ƙalau, ya kwanta da murna, alhali lokacin ɓarnar bai zo ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙofa uku yake bi ya shiga kogo: ruwan da ke kwarara, tururin da ke tashi daga ƙasa, da tururin da iskar waje ke ɗaukowa. Kowanne da maganinsa, kuma a jere ake binsu. Mafi yawan kuɗin da ke salwanta a wannan aiki, tsallake na farko aka yi aka faɗa wa na uku.

Ruwan da ke kwarara

A yi lissafin rufi. Ruwan sama na milimita 25 a kan rufi mai faɗin murabba'in mita 100 lita 2,500 ne, fiye da duro goma sha biyu. Idan indararo a gindin bango yake zubarwa, duk wannan ruwa a jikin harsashi yake sauka, kuma bulo ba ya hana ruwa wucewa. Don haka aikin farko a waje yake, ba ma sai an shiga kogo ba. A kwashe ganyen da ya toshe magudanar rufi. A ƙara wa kowane indararo bututu ya kai ruwa aƙalla ƙafa 5 ko 6 nesa da bango. A duba gangaren ƙasa: kundin ƙa'idar gina gidaje da yawancin jihohi ke bi, wanda ake kira IRC, ya ce ƙasa ta gangara inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko daga bango. Gidaje da dama an gina su daidai, amma ƙasar da aka cike gefen harsashi da ita ta zauna bayan shekaru, gangaren ya juyo wajen gida. Hanya mafi sauƙi ta gane haka ita ce a ɗauki lema a zagaya gidan ana tsaka da ruwa, a ga inda yake taruwa.

A ciki kuma a bi bututu ɗaya bayan ɗaya da tocila. Ɗigon da ke fita daga ƙarƙashin masai ko baho yana iya shekara yana jiƙa katako ɗaya. A duba inda ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke zuba. A duba bututun injin busar da tufafi, domin sau da yawa yakan cire daga mahaɗinsa, ya riƙa hura tururin wanki cikin kogo. Alamarsa ita ce tarin audugar tufafi a ƙasa kamar an sheƙe auduga a wurin. A jikin bulo kuma, farin gishiri-gishiri da ke fitowa kamar kanwa shaida ce cewa ruwa na ratsa bangon, tabon laka a jikin ginshiƙi kuma yana nuna iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa.

In an gyara waje amma ruwa na ci gaba da kwanciya, to daga ƙasa yake tasowa. Sai a haƙa siririn rami a bi gindin bango ta ciki, a shimfiɗa ƙyallen tace laka, a zuba tsakuwa wankakkiya, a kwantar da bututu mai huji-huji na inci 4, a rufe da tsakuwa. Bututun ya gangara zuwa wani rami a wuri mafi kwari, inda za a binne bokitin tara ruwa da injin famfo a ciki. Abu uku ba a wasa da su a nan: murfin bokitin ya rufu ruf, a sa bawul mai hana ruwa komowa a bututun fita, kuma a tanadi batir. Guguwar da ke kawo ruwa mai yawa ita ce mai ɗauke wuta, wato lokacin da aka fi buƙatar famfon shi ne lokacin da zai tsaya. Kada kuma a haƙa ramin ya zarce ƙasan harsashi, don kada a kwashe ƙasar da ginin ke zaune a kai.

Tururin ƙasa

Ƙasar kogo tana iya zama a bushe a ido, har ƙura na tashi, amma tana fitar da tururi ba dare ba rana. Bushewar samanta ma shaida ce cewa ruwan na ƙafewa da zarar ya iso. A ƙasa mai danshi, kogo mai faɗin murabba'in ƙafa 1,000 yana iya sakin fiye da galan 10 a yini. Maganin wannan shi ne mafi arha kuma mafi tasiri a duk aikin: a rufe ƙasar da leda.

Mafi ƙanƙantar kaurin da ake karɓa shi ne mil 6, wato milimita 0.15. Tana tare tururi, amma gwiwar mai gyaran famfo na farko da ya shigo za ta yaga ta. Inda za a riƙa shiga, gara a sayi mai zare a ciki, mil 12 zuwa 20. Kafin shimfiɗawa a kwashe duk guntayen katako, kwali, saiwoyi da duwatsu masu tsini. Guntun katakon da aka bari ƙarƙashin leda abincin gara ne da fumfuna. A baje ƙasar. Kowace shimfiɗa ta hau kan 'yar'uwarta inci 6 ko fiye, ƙafa guda ta fi, a goge ƙura, a manne da salatif ɗin da aka yi don wannan aiki. Salatif na kwali ba ya daɗewa a danshi. Ginshiƙai kuma kowanne a naɗe shi da tasa ledar a haɗe da ta ƙasa, domin a gindin ginshiƙi ake yawan barin giɓi. Ledar ta hau bango aƙalla inci 6, a manne bakinta da gam mai kauri, a kuma kafe ta da ƙusoshin kankare, saboda gam kaɗai yakan saki.

Kuskure mafi muni a nan shi ne shimfiɗa leda kafin a magance ruwan da ke kwarara. Ruwa ya shigo ta bango ya hau saman ledar, ba shi da hanyar nutsewa, ya zama kududdufi. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Iskar waje, inda gizo ke saƙa

Tun shekarun 1940 ƙa'idojin gini a Amurka suka wajabta buɗe ƙananan tagogi a bangon kogo, bisa tunanin cewa iska za ta ratsa ta kwashe danshi. Har yau ƙa'idar na nan a IRC: murabba'in ƙafa 1 na taga ga kowane murabba'in ƙafa 150 na kogo, a rage zuwa 1 ga 1,500 idan an rufe ƙasa da leda. Tunanin ya yi daidai da hankali, shanya ma ai iska ke busar da ita. Abin da aka manta shi ne ba kowace iska ke busarwa ba.

A ɗauki kwalbar lemo mai sanyi daga firij a ajiye a tebur ranar damina. Kafin minti biyu ta yi zufa, ruwa na gangarowa. Ruwan ba daga cikin kwalba ya fito ba, daga iska ne. Iska mai zafi tana ɗaukar tururi mai yawa, mai sanyi kaɗan. A digiri 30 na Salsiyas, iska mai cika mita 1 tsawo da faɗi da zurfi tana iya riƙe kusan giram 30 na ruwa. A digiri 20 kuwa giram 17 kawai. Da zarar iska mai ɗumi ta taɓa abu mai sanyi har ta kasa riƙe kayanta, sai ta sauke su a matsayin raɓa.

Yanzu a kai wannan lissafi kogon wani gida a Atlanta ta Jojiya ko Raleigh ta Karolina ta Arewa a watan Yuli. A waje digiri 30, laima kashi 70. Irin wannan iska tana fara zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya kai digiri 24. Cikin kogo kuwa digiri 21 ne ko makamancin haka, don ƙasa na riƙe da sanyi, daɓen sama kuma na'ura na sanyaya shi. Bututun iskar sanyi ya fi haka sanyi nesa ba kusa ba, iskar cikinsa wajen digiri 13 take. Iskar da ta shigo ta taga da giram 21 a kowace mita ba za ta iya riƙe fiye da 18 ba, sai ta ajiye 3 a jikin katako da bututu da ƙusa. Kogo mai ɗaukar mita 100 na iska, in iskarsa na sauyawa sau ɗaya a awa, lita 7 ke nan a yini. Wanda ya shiga irin wannan kogo da tocila zai ga ɗigon ruwa jere a ƙarƙashin bututu suna ƙyalli, kawunan ƙusoshi sun yi tsatsa, audugar gilas da aka cusa tsakanin katakai don tare zafi da sanyi ta sha ruwa ta yi nauyi tana reto kamar tsumma. Mai gida ya ga haka, ya ce iska ce ta yi kaɗan, ya kafa fanka a taga. Ya ƙara wa wuta fetur.

An gwada wannan a gidaje na gaske. A farkon shekarun 2000 wata cibiya da ke Raleigh mai suna Advanced Energy ta bi diddigin gidaje 12 masu girma ɗaya a garin Princeville na Karolina ta Arewa, garin da bayin da aka 'yanta suka kafa, wanda ambaliyar guguwar Floyd ta shanye a 1999. Wasu gidajen an bar musu tagogin kogo, wasu an toshe an rufe da leda. A lokacin zafi, kogunan masu taga sun riƙa haura kashi 80 na laima, rufaffun kuma suka zauna ƙasa da 60, har ma wutar da suke ci wajen sanyaya da ɗumama gida ta ragu da kusan kashi 15. Jihar ta gyara ƙa'idarta ta amince da rufaffen kogo, kuma IRC a yau ya yarda da hanyoyin biyu.

Wannan ba ya nufin duk mai taga ya je ya toshe. Inda iskar lokacin zafi busasshiya ce, kamar yawancin yammacin Amurka, taga da leda mai kyau sukan wadatar. A Ingila ma, tsofaffin gidaje masu daɓen katako suna da bulo mai huji-huji a gindin bango, kuma toshe su da siminti ko tulin ƙasar lambu yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ruɓar katako a can, don zafinsu ba ya zuwa da irin tururin Jojiya, gidajensu kuma akasari ba a sanyaya su. Alƙalin shi ne ma'auni. In an kori ruwa, an shimfiɗa leda, amma laima na zaune sama da kashi 70 makonni a jere a lokacin zafi, to tagogin ne ke kawo ta.

Yadda ake rufe kogo

Rufewa aiki ne da ake yi gaba ɗaya ko a bari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: kogon da aka toshe tagoginsa ba a rufe ƙasarsa ba, ba a kuma ba shi hanyar bushewa ba, ya fi mai taga lalacewa.

Ana yanka allon soso mai tauri daidai bakin kowace taga, a cusa, a bi gefe da kumfar feshi. A bi duk hujin da bututu ko waya ta ratsa daɓe ko bango a toshe. A duba layin da katakon farko ya kwanta a kan bulo, nan iska ke yawan kurɗawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙofar kogo a sa mata roba a gefe da sakata mai matsewa. Mahaɗan bututun iska a shafe su da gam na musamman, domin bututun da ke yoyo yana hura sanyi cikin kogo, ko ya zuƙi iskar kogo ya kai ɗaki. Ledar bango ta hau har kusa da sama, amma a bar inci 3 na bulo tsirara a ƙarƙashin katako. Wannan tazara ta masu duba gara ce: gara tana gina hanyar laka mai kaurin fensir ta hau bango, in an lulluɓe ko'ina za ta hau ta bayan leda ba wanda ya gani. Karolina ta Arewa ta sa wannan a ƙa'ida, kuma kamfanonin maganin gara kan janye garantinsu in babu ita, don haka a tuntuɓe su kafin a fara.

Abin tare zafi da sanyi kuma, a yawancin rufaffun koguna bango ake sa wa, ba ƙarƙashin daɓe ba. Allon soso mai kaurin inci 2 shi aka fi amfani da shi, irin wanda aka amince a bar fuskarsa a fili ta fuskar gobara. Tsohuwar audugar gilas da ta jiƙe a cire ta a zubar. Ba ta komawa daidai, kuma ɓeraye sun fi son ta.

Ko an rufe ruf, ɗan danshi zai riƙa samun hanya, don haka dole a ba kogon abin da zai busar da shi. IRC ya ba da zaɓi. Ko a ɓullo da 'yar iska daga na'urar sanyaya gida, iska mai cika ƙafa 1 tsawo da faɗi da zurfi a minti ga kowane murabba'in ƙafa 50, wato 20 a minti ga kogo mai ƙafa 1,000. Ko a sa ƙaramar fanka mai fitar da wannan adadi waje ba tsayawa, kogon ya riƙa jan busasshiyar iska daga cikin gida. Ko a sa na'urar tsotse laima, wadda bugun IRC na 2018 ya ce ta iya cire lita 33 a yini ga kowane murabba'in ƙafa 1,000. Ta farko ta fi arha, amma rauninta a bayyane yake: a watannin Afrilu, Mayu da Oktoba na'urar sanyaya gida ba ta cika aiki ba, laima kuwa na nan. A wurare masu tsananin laima na'urar tsotsewa ta fi tabbas, domin ita laima take bi, ba zafi ba.

A saye ta da lura. Ƙananan na ɗaki masu bokiti ba su dace ba, bokitin ya cika na'ura ta tsaya, kuma ba mai rarrafawa kullum ya zubar. A nemi wadda aka ƙera don kogo, mai jure sanyi, domin na ɗaki sukan yi ƙanƙara idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 18. A lura kuma da lambar da ke jikin kwali: a 2019 hukumar makamashi ta Amurka ta sauya yanayin gwajin ƙananan na'urorin, wadda a da ake rubuta mata 70, wato awon ruwan da take cirewa a yini, yanzu kusan 50 ake rubutawa, alhali ita ce dai. A ɗora ta a kan bulo ko a rataye, bakinta na hura iska zuwa ɓangare mafi tsawo na kogon. Tiyon ruwanta ya gangara zuwa ramin famfo ko waje, ba lanƙwasa. A saita ta a kashi 50 zuwa 55. Sauka ƙasa da haka ɓarnar wuta ce, kuma busar da tsohon katako da gaggawa yana sa daɓe ya tsattsage ya riƙa ƙara. Kunna ta tagogi na buɗe kuwa, ɗiban ruwa ne da kwando.

Abubuwan da kan kashe mutum

Idan akwai tukunyar dafa ruwa ko injin ɗumama gida mai aiki da gas a cikin kogo, kada a toshe taga ko ɗaya sai ƙwararre ya duba. Irin waɗannan na'urori daga kogon suke shan iskar da wuta ke ci. An toshe, ko an sa fanka mai zuƙa, hayaƙin ya juyo baya, iskar kabon monoksaid ta hau ɗakin kwana, ba ta da wari ba ta da launi. Ko a sauya su da irin masu jan iskarsu daga waje ta bututu, ko a tanadar musu hanyar iska ta daban, a kuma sa ƙararrawar gano wannan guba a gida.

Sai radon, iska mai guba da ke tasowa daga wasu duwatsu da ƙasa, wadda hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta sa a matsayi na biyu bayan taba wajen jawo sankarar huhu. Rufe kogo na iya tara ta. A gwada gidan kafin aiki da bayansa. In awo ya kai 4 a ma'aunin pikokuri a lita, sai an ɗauki mataki. Dabarar da ke rage wahala ita ce tun kafin a shimfiɗa leda a kwantar da bututu mai huji-huji a ƙarƙashinta a fito da bakinsa. In buƙata ta taso, fanka kawai za a haɗa, a kai bututun ya wuce saman rufi.

Gidan da ke yankin ambaliya kuma yana da wasu tagogi na daban da hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta wajabta, aƙalla biyu, inci 1 murabba'i ga kowace ƙafa 1 murabba'i, gindinsu bai fi ƙafa 1 daga ƙasa ba. Aikinsu barin ruwa ya shiga ya fita, don kada nauyinsa ya ture bango. Waɗannan ba a toshe su. Akwai masu murfi da ke zama a rufe, ruwa ya zo ya buɗe su da kansa.

Mai shiga kogo ya sa takunkumin N95 ko wanda ya fi shi, da tabarau da safar hannu, wani kuma ya san yana ciki. In ruwa na kwance kusa da waya, a kashe wuta tukuna. Kashin ɓera ba a share shi a bushe, saboda cutar hanta-bairos da ke bin ƙura. Jiƙa shi ake da ruwan bilic a kwashe.

Fumfunar da ta riga ta kama katako, kankare ta ake yi da burushi ko yashin goge katako, a zuƙe da injin shara mai matata mai kyau, sannan a shafa maganin boret, wanda ke hana naman gwari da ƙwarin katako. Fesa bilic yana ɗashe launi ne kawai, saiwar na cikin itace. Katakon da sukudireba ta nutse a cikinsa ya wuce magani, sai kafinta ya haɗa masa sabo a gefe ko ya sauya shi, in babban katako ne mai ɗauke da gida kuma a kira injiniya.

Bayan an gama, katako mai kauri yakan ɗauki makonni kafin ya sauko, don haka a koma wuraren da aka yi wa alama da fensir bayan wata ɗaya, sannan bayan uku. Daɓen da ya yi kwarmi kada a goge shi da inji sai awonsa ya tsaya cak, in ba haka ba idan ya ƙarasa bushewa tsakiyarsa za ta yi tozo. Sau biyu a shekara a shiga da tocila: a zuba bokitin ruwa a ramin famfo a ga ya tashi, a wanke matatar na'ura, a bi tazarar inci 3 ɗin nan da ido ko gara ta yi hanya, a manne duk inda leda ta yage. Ma'aunin da ke aiko da saƙo kuma a sa masa iyaka a kashi 65. In lamba ta hau a hankali cikin makonni, a nemi inda iska ke kurɗawa ko a duba na'ura. In ta yi tsalle cikin kwana ɗaya ba a yi ruwan sama ba, a fara da bututun famfo.